Hira Da Ɗan Fari

Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma babu mahaifin da bai san wannan magana ba. In ka tambayi ko wace tsohuwa yadda a ke renon jinjiri, ko yadda a ke yaye, ko yadda a ke tsawata wa yaro ɗan shekara 7, sai ta ba ka amsa tun ba ka rufe baki ba. Amma akwai wani zango na reno wanda ba a cika yin maganarsa ba, watau daga shekara 13 zuwa wajen 19, sa'ad da iccen ya wuce ɗanye, bai kuwa bushe ba. A wannan zango yaro ya kan zama kamar jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. In ka aike shi kamar ƙaramin yaro ya ji haushi, in ka aza masa nauyin manya ya kasa ɗauka. Abin da ya fi damun iyaye kuwa shi ne, bakin nan da dā ba ya rufuwa don surutu, sai a wayi gari ya rufe kamar an sa masa kwaɗo.

Abin da na ke so in gaya wa iyaye 'yan'uwana abu guda ne. Ƙofar nan da saurayi ya rufe ta kan buɗe, amma ba sa'ad da ka ƙwanƙwasa ba. Ita ke zaɓen lokacinta, sau da yawa ma lokacin da ba ka zata ba, a wurin da ba ka shirya ba. Aikin uba shi ne ya kasance a kusa ranar da ta buɗe. A gidana na ga haka har sau uku, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan ambaci sunan yaron ba, gama ɗan fari ne. Wanda ya tashi cikin Hausawa ya san akwai kunya tsakanin iyaye da ɗansu na fari. Ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi gaban mutane, waɗansu ma su kan miƙa shi ga kakanni su rene shi. Mu Kirista ne, amma baftisma ba ta wanke mana wannan al'ada ba. In zan kira shi sai in ce, “Kai,” ko “Malam,” uwarsa kuwa ta ce, “Yaron nan.” Ka ga ke nan tun fil azal akwai 'yar tazara tsakanina da shi, wadda ba faɗa ya kawo ta ba, ladabi ne.

Gidanmu yana kusa da Wusasa, a ƙasar Zazzau. Ko wace safiya da ƙarfe 5 da rabi, wajen lokacin da maƙwabtanmu Musulmi ke sallar asuba, mu kan taru a ɗaki guda, mu yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a karanta sura ɗaya ta Littafi Mai Tsarki, kowa aya guda bi da bi, sa'an nan wani ya yi addu'a, kowa ya kama harkarsa. Haka na taras a gidan ubana, haka kuma na riƙe a nawa. Sa'ad da yaron ya ke ƙarami shi ke riga kowa buɗe littafi, a makarantar Lahadi kuwa babu wanda ya fi shi haddar ayoyi. Amma da ya kai shekara 14, cikin 2022, muryarsa ta buɗe, sai ya bar waƙa ɗungum. In layi ya zo kansa ya karanta ayarsa kamar mai haɗiyar maɗaci. In na ce, “Lafiya?” ya ce, “Lafiya lau, Baba.” In na ce, “Me ke damunka?” ya ce, “Ba kome.” Daga nan sai ya sunkuya kan wayarsa, shi ke nan an gama hira.

Ana nan sai abin ya kai inda ba a iya kau da kai. A ɗarikarmu ta Angalikan a kan yi wa yaro baftisma tun yana jinjiri, iyaye da masu tsaya masa su ɗauki alkawari a madadinsa. In ya yi hankali sai ya shiga aji a koya masa tushen bangaskiya, bishop ya zo ya ɗora masa hannu, ya ɗauki alkawarin nan da bakinsa. Shi a ke kira tabbatarwa, daga nan ne kuma zai soma cin Jibin Ubangiji. Da aka buɗe ajin a farkon 2023 tsararrakinsa duka suka ba da suna, shi kuwa ya sami uwarsa a madafa ya ce mata yana so a bar shi tukuna. Ta zo mini da hawaye. Ita tana cikin Zumuntar Mata, ta san tambayar da za ta sha ran Lahadi, amma ba wannan ne ya fi damunta ba. Tsoronta shi ne kada ɗan da ta goya ya fita daga hannun Allah tana ji tana gani. Ta ce in ba shi umurni.

Lalle da na ce ya tafi, da ya tafi, gama bai taɓa ƙetare maganata ba. Amma na duba na ga alkawarin da aka ɗauka don tsoron uba, na uban ne, ba na Allah ba ne. Manzo Bulus ma, cikin sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, inda ya umurci 'ya'ya su yi biyayya, nan take ya juya ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Saboda haka na ce mata mu saurara. Na faɗi haka da baki, amma Allah ya sani ban yi barcin kirki ba, domin na ga samari da yawa waɗanda suka soma da irin wannan shiru, suka ƙare a inda iyayensu ba su so.

Ran nan cikin watan Mayu na shekarar, ruwa ya soma sauka, ina zaune tsakar gida da dare ina ɓarar gyaɗar da za mu shuka. An ɗauke wuta tun da rana, sai 'yar fitila a gabana. Uwarsa da ƙannensa duk sun kwanta. Wajen ƙarfe 11 sai ga shi ya fito, ashe cajin wayarsa ne ya ƙare. Ya yi tsaye jim kaɗan, sa'an nan ya zauna a bakin tabarma, ya sa hannu cikin kwando ya ɗebi gyaɗa, ba wanda ya ce masa ya yi. Muka yi wajen rabin sa'a ba ka jin kome sai ƙarar ɓawo. Can sai na ji ya ce, bai ko ɗaga kai ba, “Baba, wai mu Hausawa ne?”

Na ce, “Me ka gani?” Sai magana ta ɓalle kamar an fasa tulu. Ashe a makarantarsu wani ɗan ajinsu ya ce masa babu Bahaushe Kirista, wanda duk ya shiga coci ya fita daga Hausa. Cikin makon nan kuma, wajen taron addu'a na ɗalibai Kirista, wani yaro ɗan kudu ya ji shi ya ambaci sunan Allah da Hausa, sai ya ce ai wannan Musulmi ne ya ɓad da kama. Nan an ce ba ka cikinmu, can ma an ce ba ka cikinmu. Wata da watanni yana ɗauke da wannan kaya shi kaɗai. Na ce a raina, lalle ruwa ba ya tsami banza.

Ban bar ɓarar gyaɗa ba, ban kuma dube shi ba, na shiga ba shi labari. Na gaya masa tun cikin ƙarni na 19 aka yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya dinga nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har aka riƙa kiran almajiransa Isawa. Bayan mutuwarsa suka watse, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi. Na gaya masa yadda Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, da yadda a 1913 waɗansu daga zuriyar Isawan nan suka zo wurinsa da kansu. Suka kafa ƙauye a Gimi, har ciwon barci ya faɗa musu ya kashe da yawa. A 1929 mishan ya tashi daga birni ya koma Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da jar ƙasa, ginin magina Hausawa, ga ta nan tsaye har yau. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, tun daga ayarsa ta fari kuwa sunan Allah ne a ciki, kamar yadda Larabawa Kirista su ma da shi su ke kiran Mahalicci. Na ambata masa Dokta Dikko, likita na fari daga Arewa, wanda ya ke cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Na ce duka daga wannan jama'a suka fito, babu kuwa wanda ya taɓa ce da su su ajiye harshen iyayensu.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Ashe muna da asali.” Na ce, “In kana son sauran labarin, tafi wurin kakarka, ta fi ni sani.” Ba mu tashi ba sai da kwandon ya ƙare, ƙarfe ɗaya ta wuce. Da gari ya waye muka taru wajen addu'a, ina tsammani zan ga sabon mutum. Ina! Ya karanta ayarsa yadda ya saba, na ce, “Lafiya?” ya ce, “Lafiya lau.” Ƙofa ta koma ta rufe, amma yanzu na san akwai mutum a ɗakin.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa maganar da ta ƙi fitowa da rana ta fito a daren nan, na ga dalili biyu ne. Na fari shi ne tarbiyyarmu. Mun koya wa yaro kada ya dubi babba cikin ido. To, in ka ce masa, “Zo nan, zauna, gaya mini abin da ke ranka,” ai ka kafa shari'a ke nan, kai alƙali, shi wanda a ke tuhuma, ba abin da zai fito daga bakinsa sai abin da zai kuɓutad da shi. Amma in hannu yana aiki, ido yana kan aikin, kafaɗa tana kusa da kafaɗa, sai nauyin baki ya ragu. Kakanninmu ba su rasa wannan dama ba, gama a gandu uba da ɗa su kan yini a kan kunya ɗaya, maƙeri yana ƙira ɗansa yana zuga, masaƙi yana saƙa ɗansa yana wadari. Yanzu kuwa uba yana wurin aiki, ɗa yana makaranta, in sun komo kowa ya kama wayarsa.

Dalili na biyu likitoci ne suka gano shi. In yaro ya balaga lokacin barcinsa ya kan ja baya da sa'a ɗaya ko biyu, ba da gangan ba, halin jiki ne, ga shi kuwa yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10. Watau da ƙarfe 5 da rabi na safe, sa'ad da uba ya ke garau, rabin yaron yana barci. Da ƙarfe 11 na dare, sa'ad da uba ya ke hamma, a lokacin ne hankalin yaron ya ke a buɗe. Sun kuma ce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna ƙarshen al'amari kafin a aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka ɗaurin fuskar da a ke gani wajen addu'ar safe ba kullum ne ya ke nuna ƙin ibada ba, wani lokaci barci ne kawai. Ba mu ta da addu'armu daga lokacinta ba, amma daga ran nan na riƙa ajiye ɗan aikin hannu sai dare, ko gyaran keke, ko ɗinkin buhu, in zauna da shi a inda mai wucewa zai gan ni.

Karo na biyu ba da ni aka yi hirar ba, ni dai na ci albarkacin ji ne. Abin da al'ada ta hana tsakanin uba da ɗan fari, ta sake shi tsakanin kaka da jika. Mahaifiyata ta kan kira shi “Maigida,” shi kuwa ya ce mata “Tsohuwa,” su yi ta ba'a, wai ya ƙi ba ta kuɗin cefane za ta kai shi ƙara. Cikin hunturun Disamba na 2023 ciwo ya kwantad da ita, aka ba ta gado a asibiti. Da ya ke an yi hutun makaranta, sai yaron ya ce shi zai riƙa kwana wurinta. Tana da wani tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar 1932, wanda aka ba ta ranar aurenta, ta naɗe shi cikin ƙyalle don bangonsa ya mutu. Idonta ya riga ya yi rauni, ba ta iya karanta shi, ba ta kuwa yarda da sabuwar fassara ta 1979 da mu ke karantawa a gida ba, wai ba ta da gishiri.

Wani dare na kawo musu kunu, na iso bakin ƙofa sai na ji muryarsa yana karanta mata Zabura ta 23. Na tsaya. Rubutun littafin irin na dā ne, inda mu ke rubuta “c” su “ch” su ke sawa, ga kalmomin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba, sai ya riƙa tuntuɓe. Na ji ta ce, “Maigida, ashe bokon naka na banza ne.” Ya ce, “Tsohuwa, ai wannan Hausar tun ta zamanin Nuhu ce.” Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. In ya soma aya ya tsaya, sai ta ƙarasa masa da ka, ba ta kuskure ko kalma guda. Da suka gama ta ɗauko wata waƙar sujada da 'yar muryarta da ta rage, ba ta kai ƙarshen baiti ba numfashi ya gaza mata. Sai na ji wata murya mai kauri ta karɓa, ta kai waƙar har ƙarshe. Shekara guda da rabi ke nan rabona da jin yaron nan yana waƙa, wannan sabuwar murya tasa kuwa ban taɓa jin ta cikin waƙa ba sai ran nan. Na san in na shiga zai yi shiru, saboda haka na tsaya a waje cikin sanyi har kunun ya huce.

Bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki Allah ya yi mata rasuwa. Maƙwabtanmu Musulmi suka zo suka zauna makoki tare da mu, kamar yadda mu ma mu kan je nasu. 'Yan ajinsu suka zo yi masa ta'aziyya, har da yaron nan da ya yi masa gorin asali, na gan shi yana taya shi ɗaukar benci. Ɗana bai yi kuka gaban mutane ba. Da aka zo rabon 'yan kayanta, aka tambayi jikoki abin da kowa ke so don tunawa, shi bai nemi kome ba sai littafin nan mai ƙyalle.

Karo na uku ya zo ta hanyar da ko a mafarki ban zata ba, watau ƙwallon ƙafa. Ran Lahadi 11 ga Fabrairu 2024 aka yi wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a Abijan, tsakanin Nijeriya da Kwaddibuwa masu masauki. Ba mu da wuta, ya ce zai tafi gidan kallo, uwarsa ta ce ba ya fita shi kaɗai da ƙarfe 9 na dare. Ni ban damu da ƙwallo ba, amma don a raba gardama na sa hula na bi shi. Muka zauna kan benci guda cikin hayaniyar samari. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sai kyaftin ɗinmu, Troost-Ekong, ya sa ƙwallo da ka. Ɗakin ya ruɗe da ihu. Ban ankara ba sai na ji an rungume ni har hulata ta faɗi, na duba, ashe ɗan farina ne, wanda rabon da jikinsa ya taɓa nawa tun yana koyon tafiya. Da hankalinsa ya komo ya sake ni da sauri, ya ɗauko hular ya miƙo mini da hannu biyu, kowa ya dubi wani wuri. Daga baya mutanen suka rama, suka ƙara, aka tashi 2 da 1.

Muka kamo hanyar gida cikin duhu, ba mai cewa kome. Can ya ce, “Baba, na fa yi addu'a mu ci.” Na ce, “Su ma can suna da majami'u da masallatai, ka san ba su kwana ba.” Ya yi 'yar dariya. Muka ƙara 'yan taku, sai ya ce da wata irin murya, “Na yi wa Kaka ma. Kullum dare.” Nan na gane ba zancen ƙwallo a ke yi ba. Ya ce, “Kai ka taɓa roƙon Allah wani abu ya hana ka?”

Na ce, “Na taɓa.” Na ba shi labarin da ba a taɓa ba shi ba, na ƙanwarsa da ke bi masa, wadda zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke tana da wata 11, shi yana ɗan shekara 3. Na gaya masa kwana uku na yi a durƙushe gaban gadonta ina roƙo, ran na huɗu na ɗauke ta a hannuna zuwa makabarta. Na gaya masa bayan haka na yi wajen wata guda ina bi da addu'ar safe, bakina yana faɗi, zuciyata kuwa kamar dutse, har sannu a hankali ta narke. Na tuna masa Yesu kansa a gonar Gatsemani ya roƙa a kawar masa da wahalar da ke gabansa, ba a kuwa kawar ba. Na tuna masa Toma, wanda ya ƙi gaskata labarin tashin Ubangiji, ya yi mako guda cikin shakka, duk da haka ba wanda ya kore shi daga cikin almajirai, yana tare da su har ranar da ya gani da idonsa. Ba hujja na ba shi ba, abin da ya same ni na gaya masa. Muka iso ƙofar gida, maimakon mu shiga sai muka zauna kan dakali. Ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce, “Ashe kai ma.” A nan ne ya yi kukan kakarsa, ni kuwa na dubi taurari don kada ya ji kunya.

Bayan damina ta wuce, wata Lahadi fasto ya tashi yana karanta sunayen waɗanda suka shiga ajin tabbatarwa na shekarar, sai muka ji sunansa a ciki. Bai gaya wa kowa ba. Na hango uwarsa cikin layin mata ta rufe fuska da gyale. Da muka komo gida ta ce masa, “Yaron nan, me ya sa ba ka faɗa mana ba?” Ya ce, “Ba kome, Mama.” Har yau kuwa ba mai yawan magana ba ne, in ka tambaye shi lafiya, amsar nan dai ita ce.

Iyayen da ke cikin wannan hali su sani ba a kansu aka soma ba. Luka ya ba da labari cikin sura ta 2 cewa Yesu yana ɗan shekara 12 ya tsaya a Urushalima ba da sanin Maryamu da Yusufu ba, sai bayan kwana uku suka same shi cikin Haikali, amsar da ya ba su kuwa ba su fahimce ta ba, uwarsa dai ta riƙe abin a zuciyarta. In gidan nan mai albarka ya ɗanɗana haka, wane ne ni? Cikin sura ta 15 kuma, a misalin ɗan da ya karɓi gadonsa ya tafi, uban bai bi shi da sanda ba, amma ya hango shi tun yana nesa ranar da ya komo. Ba mai hango mutum daga nesa sai wanda idonsa ya ke kan hanya.

Amma fa kada a ɗauka saurarawa ita ce sakaci. In uba ya ga ɗansa ya bar cin abinci, ko ya shiga shaye-shaye, ko ya canja abokai farat ɗaya, ko yana ambaton mutuwa, wannan ba lokacin jira ba ne, sai a nemi likita da shugabannin ikilisiya tun da wuri. Shirun da na ke magana a kansa shi ne na yaro lafiyayye wanda ya ke fama da tambayoyin da ya gaza furtawa. Irin wannan, abin da ya ke bukata kaɗan ne. A riƙe ibadar gida ko yana ɗaure fuska, gama abin da ya fito a bakin gadon kakarsa a nan aka shuka shi. A nemi aikin da za a yi tare, uba da ɗa wajen gyara ko noma, uwa da 'ya wajen murhu ko kitso. In ya buɗe baki kada a mai da hirar wa'azi, kada kuma a kai ta waje, domin saurayi in ya ji asirinsa a bakin wani, ba ya sake kawo maka. Na tabbata maƙwabcina Musulmi wanda ke ta da ɗansa sallar asuba zai ce haka abin ya ke a gidansa.

Manomi ba shi da iko ya ce wa hadari ya taso. Abin da ke hannunsa shi ne ya share gona tun da bazara, ya tanadi iri, ya gyara fartanya, ya kwanta da kunne ɗaya a buɗe. Ruwan shuka kuwa ya kan sauko da tsakad dare, ba ya sallama. Wanda ya shirya shi ke fita da asuba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙurin jira, ya sa muna kusa ranar da suka neme mu, amin.